Dokar gwaji kafin aure ba ta hana mai HIV aure ko haihuwa ba

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, cikin watan Mayun 2024, wata magana ke yawo a gidajen biki da zaurukan WhatsApp. Wai macen da aka samu da ƙwayar cutar HIV ba za a ɗaura mata aure ba, in kuma tana ɗakin mijinta sai an tilasta mata tsarin iyali ko a juya mata mahaifa, in ta ƙi a ɗaure ta shekara biyar. Ba haka dokar ta ce ba, kuma wannan tsoron zai iya korar mata daga asibitin da ya kamata su kusanta.

Abin da dokar ta hana shi ne ɗaura aure ba tare da takardar shaidar gwaji daga asibitin da gwamnati ta amince da shi ba. Ana duba HIV, ciwon hanta nau'in B da C da sikila, kuma ango da amarya duk ta shafe su.

Inda aka fi rikicewa shi ne hukuncin. Gaskiya ne akwai tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, ko duka biyun. Amma wannan na wanda ya saɓa wa tanadin dokar ne, kamar a ɗaura aure babu takarda. Sakamakon gwaji ba laifi ba ne. Matar da ta je aka gwada ta aka ga tana ɗauke da cutar ta bi doka, ba ta karya ta ba. Hasali ma dokar ta haramta tsangwama ko nuna wariya ga masu HIV, sikila da ciwon hanta, don haka mai yi mata gori ya fi ta kusa da fushin hukuma.

Sannan akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wa masu HIV wariya a wurin aiki, makaranta ko asibiti, ta kuma hana bayyana matsayin lafiyar mutum ba da izininsa ba. Sai dai ta ba wa miji ko mata damar sanin matsayin abokin zama idan suna ganin za su iya kamuwa.

Ni a ganina shekara biyar ta yi yawa, kuma abin da ya fi damuna shi ne sirri. Aurenmu na dangi ne. Takarda in ta bi hannun waliyyi da kawu da gwaggo, wa zai tsare bakin kowa? In zance ya fasu, mace ce ke kwana a ciki, ko da namijin ne ya fara kawo cutar gidan.

Batun haihuwa kuwa, zaɓi nata ne. Idan babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu daga uwa. Idan tana shan maganinta kullum, tana zuwa awo, ta haihu a asibiti aka ba jaririn nasa maganin, adadin kan sauka ƙasa da biyar cikin ɗari. Wadda magani ya danne ƙwayar cutar har gwaji ba ya ganinta a jini ba ta shafa wa mijinta ta hanyar kwanciya.

Idan hutu take so tsakanin haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mata da kusan duk hanyoyin da sauran mata ke amfani da su: ƙwaya, allurar wata uku, ashanar hannu, robar mahaifa da kwaroron roba, wanda shi kaɗai ke hana ɗaukar ciki da kamuwa da cututtukan sanyi a lokaci guda. Ba a yawan fara saka robar mahaifa idan ciwon ya yi tsanani, sai jiki ya murmure. Juya mahaifa kuwa ba a komawa, kuma babu likitan da ke da hurumin yi mata ba da yardarta ba, balle a miƙa mata takarda ta sa hannu tana tsakiyar naƙuda.

Abin lura shi ne haɗuwar magunguna. Efavirenz, maganin HIV da aka daɗe ana bayarwa, yana rage ƙarfin ashanar hannu, haka ma rifampicin na tarin fuka, wanda ke rage ƙarfin ƙwaya ita ma. Dolutegravir da akasarin masu karɓar magani a Najeriya suka koma kansa ba shi da wannan matsalar. Saboda haka 'yar'uwa, in za ki sashen tazarar haihuwa, ki tafi da kwalbar maganinki ki nuna wa ma'aikaciyar kafin a zaɓi hanyar da ta dace da ke.