Barewa a lambun Pelham Bay: ku kula da kaskarta

'Yan uwa mazauna Bronx a birnin New York, damina ta wannan ƙasa ta kama, yara sun fara roƙon a kai su Pelham Bay su sha iska. Ku kai su, amma ku saurare ni tukuna.

A lambun nan akwai barewa, irin mai farin wutsiya. Ba kamar tamu ta daji ba ce da ke arcewa da ta ji motsin mutum. Wannan sai ta tsaya tana kallonka. A makon jiya na ga wata baiwar Allah tana miƙa wa ɗaya guntun burodi, 'yarta na ɗaukar hoto. Don Allah a daina. Dokar jihar New York ta hana ciyar da barewa, kuma da dalili: inda suka saba samun abinci nan suke taruwa, su cinye ƙananan itatuwan da ma'aikatan lambu suka dasa, su riƙa tsallaka titi. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin barbararsu, hatsarin mota da su ya fi yawa. A Staten Island abin ya kai hukumar birni ta fara yi wa mazan tiyatar hana haihuwa tun 2016, tunda ba a farauta a cikin birnin.

Abin da ya fi damuna ni dai kaska ce. Manyan kaska a jikin barewa suke shan jini su hayayyafa, ƙananan kuma su ɗauko ƙwayar cuta daga ɓeraye su kawo wa mutum. Cutar Lyme ke nan, sunan wani gari a Connecticut inda aka fara lura da ita a 1975. Kada ku nemi irin kaskar shanu da muka sani a gida, mai kumbura kamar wake. Ƙaramar ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma cizonta ba ya zafi. Daga Mayu zuwa Yuli ta fi yawa.

Ana cewa alamar cutar jan tabo ne mai zobe. A fatarmu ba ya fitowa ja sosai. Yakan yi duhu kamar wurin da aka buge, shi ya sa namu kan makara. Wata uwa ta kawo ɗanta asibiti gwiwa a kumbure, ta yi watanni tana shafa masa man zafi, tana zaton buguwar ƙwallo ce, ashe cutar ce.

Idan za ku shiga ciyawa, ku cusa ƙafar wando cikin safa, ku fesa maganin ƙwari mai sinadarin DEET. Da dawowa, a yi wanka cikin awa biyu, a duba bayan kunne, hammata, cibiya, matse-matsi, da tsakanin kitson 'yan mata. Kayan kuma minti 10 a injin busarwa da zafi.

In kun ga kaska ta kafe, ban da kananzir, ban da ashana. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin. Yawanci sai ta wuce awa 24 a jiki take sa cutar. Zazzaɓi ko tabo ya biyo baya cikin wata guda, ku je asibiti ku ce wa likita kun shiga lambu. Da wuri, ƙwayoyin antibayotik na 'yan makonni kan warkar da ita.