Digiri biyu a haɗe: shari'a da kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Ostiraliya

Digiri biyu a haɗe wani tsarin karatu ne da ɗalibi ke shiga jami'a sau ɗaya amma ya ɗauki kwas biyu a tare, ya fito da takardar digiri biyu. A Ostiraliya abin ya zama ruwan dare musamman a ɓangaren shari'a, domin jami'o'i irin su UNSW (Jami'ar New South Wales) da Jami'ar Sidni ba sa ba yaron da ya fito sakandare damar karanta shari'a zalla, dole sai ya haɗa da wani abu, kasuwanci ko kimiyya ko injiniyanci da sauransu. Haɗin shari'a da kimiyyar kwamfuta na cikin waɗannan, ana yinsa a UNSW da ke Sidni da kuma Jami'ar Monash da ke Melbon. Ita kuwa Jami'ar Melbon tun 2008 ta sauya layi, ta koma irin tsarin Amurka inda sai ka gama wani digirin tukuna ka zo ka karanta shari'a.

Yadda tsarin yake

Idan mutum zai yi su daban-daban, shari'a shekara 4 ce kwamfuta kuma 3, kaga 7 kenan, amma a haɗe kusan shekara 5 ake yi. Ba wani siddabaru a ciki, kwasa-kwasan zaɓi ne ake yankewa, wato waɗanda ɗalibi ke ɗauka don ya cike maki, sai darussan wancan ɓangaren su zauna a gurbinsu. Shekarun farko kwamfutar ta fi yawa, rubuta manhaja da lissafi da tsarin adana bayanai da algoridim, ana ɗan yayyafa shari'a kwas ɗaya ko biyu a zango, daga baya kuma sai shari'ar ta cinye jadawalin gaba ɗaya. Shiga ba sauƙi, ana duba makin ATAR, wato makin kammala sakandare, wanda ƙololuwarsa 99.95 ne kuma shari'a na cikin masu neman maki mai yawa, UNSW ma har da wata jarabawarta ta daban mai suna LAT.

Abin da ba a taɓawa shi ne darussa 11 da ake kira Priestley 11, sunan alƙali Lancelot John Priestley ne wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara su a 1992. Duk mai son zama lauya a ƙasar sai ya ci su: dokar laifuka, kwantiragi, diyyar cutarwa, dukiya da filaye, amana, kamfanoni, dokar gudanarwar gwamnati, tsarin mulki, yadda ake shigar da ƙara, hujja, da ɗa'ar aikin lauya. Ko an gama digirin ma ba a zama lauya ba tukuna, akwai horon aiki da ake kira PLT sannan Kotun Ƙoli ta jiha ta rantsar da mutum.

Kuɗin makaranta ma gida biyu yake. Bayan sauyin da gwamnati ta yi a 2021, a wannan shekarar ɗan ƙasa ya biya kusan dalar Ostiraliya 14,500 na darussan shari'a, na kwamfuta kuma 7,950, kowane kwas da farashin ɓangarensa, yawanci bashi ne na HECS da ake cirewa a albashi bayan an fara aiki. Ɗaliban ƙasashen waje kam nasu ya ninka haka sosai.

Me ya sa ake haɗa su

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne badaƙalar Robodebt. Hukumar Centrelink tana biyan tallafin marasa aiki duk sati biyu, ita kuma hukumar haraji lissafin shekara guda take riƙewa, toh daga wajen 2016 sai aka sa na'ura ta ɗauki kuɗin da mutum ya samu a shekara ta raba shi gida 26 daidai wa daida kamar kullum haka yake samu. A ce mutum ya yi aiki wata shida ya samu dala 26,000 sannan aikin ya ƙare ya koma karɓar tallafi, na'urar za ta ce ai duk sati biyu yana samun 1,000 har lokacin da yake zaune a gida, sai kawai takardar bashi ta iso masa, kuma shi ne zai je ya nemo takardun albashin shekarun baya ya wanke kansa. Lissafin a kwamfuta bai yi kuskure ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi, sai dai doka ba ta yarda a ɗora wa mutum bashi da ƙiyasi irin wannan ba. A Nuwamba 2019 gwamnati ta amsa haka a Kotun Tarayya, a 2021 aka amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 1.8, sannan kwamitin bincike na Catherine Holmes ya fitar da rahotonsa a Yuli 2023. Wanda ya iya karanta manhajar kuma ya iya karanta sashen dokar, shi ne zai fi saurin gano inda suka raba hanya.

Akwai kuma shari'ar Stephen Thaler da na'urarsa DABUS mai ƙirƙirarriyar basira (AI), a 2021 wani alƙalin Kotun Tarayya ya ce ana iya rubuta na'ura a matsayin mai ƙirƙira a takardar mallakar fasaha, a 2022 cikakken zaman kotun ya soke hukuncin ya ce sai ɗan Adam. Ga satar bayanan kwastomomin kamfanin sadarwa na Optus kusan miliyan 10 a Satumba 2022, wadda ta sa aka ƙara tsananta tarar da ke cikin dokar sirri ta 1988. Haɗin ma ba sabo ba ne can, tun 1995 malaman shari'a Graham Greenleaf da Andrew Mowbray suka kafa AustLII, rumbun da ke ɗora hukunce-hukunce da dokoki kyauta a intanet, a ƙarƙashin UNSW da UTS (Jami'ar Fasaha ta Sidni).

Matsaloli da inda ake ƙarewa

Gaskiyar magana sunan haɗi ne amma a aji kowa harkarsa yake, tsangayar shari'a na nan ta kwamfuta na can, malamin kwantiragi ba ruwansa da cewa gobe kana da firojek ɗin manhaja da za ka miƙa, kuma salon karatun ma ya sha bamban, nan shafuka ɗari na hukunci za ka karanta ka yi gardama a kansu, can kuwa kod ɗinka ko ya yi aiki ko bai yi ba. Haɗa su a kai aikin ɗalibin ne da kansa, sai a shekarun ƙarshe yake samun kwasa-kwasan zaɓi irin su mallakar fasaha da dokar sirrin bayanai. Akwai kuma cewa kafin a gama shekarun shari'ar nan na ƙarshe hannu ya yi sanyi a rubuta manhaja in ba mutum na taɓawa a gefe ba.

Masu kammalawa wasu su zama lauyoyin fasaha da mallakar ƙirƙira, wasu su shiga tsaron intanet ko hukumomin sa ido ko kamfanonin da ke ƙera manhajar tace takardun shari'a, wasu kuma su ajiye ɗaya gaba ɗaya su bi ɗaya. A Singafo, jami'ar SMU (Singapore Management University) ta bi wata hanyar a 2020, ta buɗe digiri guda ɗaya na kwamfuta da shari'a, sai dai shi kaɗai ba ya ba mutum damar tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya.