Gidajen Abincin Sin na Zamani a Bauchi da Gombe

Gidan abincin Sin na zamani wuri ne da ake sayar da girke-girken da tushensu ya fito daga ƙasar Sin, kamar soyayyiyar shinkafa, soyayyiyar taliya, nama mai yankan siri-siri a cikin miya mai kauri, da sifirin rol, ba tare da tsarin manyan liyafa ba. Mutum zai shiga da kayan jikinsa, ya zauna, ya duba menu, ya ci a nan ko a zuba masa a tekawe ya wuce. A Najeriya an fi samun cikakkun gidajen irin wannan a Legas, Abuja, Fatakwal da Kano. A Bauchi da Gombe kuwa, abin da aka fi gani shi ne sashen abincin Sin a menu na otal-otal da gidajen abinci na zamani, kafaɗa da kafaɗa da jalof, farfesu da tuwo, kuma galibin kukun 'yan ƙasa ne. Saboda haka abin da ke isowa teburin Babaushe ko Bagombe girki ne da ya sha kwaskwarima a hanya.

Asali da yadda ya iso

Ƙasar Sin ba salon girki ɗaya gare ta ba. An saba kasa shi gida takwas bisa larduna: Guangdong, Sichuan, Shandong, Jiangsu, Zhejiang, Fujian, Hunan da Anhui. Arewacin ƙasar ya fi dogara da alkama, wato taliya da burodin da ake turarawa, kudanci kuma da shinkafa. Salon da ya fi zaga duniya shi ne na Guangdong da Hong Kong, domin daga can yawancin 'yan ci-ranin farko suka fito, kuma duk inda suka sauka sai su juya girkin ya dace da harshen masu gari. Taliyar da ake kira ta Singafo, wadda ba a rasa ta a menu, misali ce: girki ne na masu dafa abincin salon Guangdong a Hong Kong, an zuba masa kori.

Sinawan farko da suka kafu da kasuwanci a Arewacin Najeriya masu masana'antu ne daga Hong Kong, waɗanda suka buɗe masaƙu a shekarun 1960, ciki har da United Nigerian Textiles ta Kaduna. Najeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 10 ga Fabrairun 1971. Daga farkon shekarun 2000 zirga-zirga ta ƙaru ta ɓangarori biyu: kamfanonin gine-gine da 'yan kasuwar Sin suka yawaita a nan, fataken Arewa kuma suka riƙa zuwa Guangzhou da Yiwu saro kaya, suna dawowa da labarin abin da suka ci. Amma abin da ya fi saba wa talaka da cin taliya mai murɗe-murɗe ba daga Sin ya zo ba. Indomie ce, ta ƙasar Indunisiya, wadda ta shigo kasuwar Najeriya a 1988.

Girkin kansa

Ginshiƙin kicin ɗin shi ne wok, wani kaskon ƙarfe mai faɗin baki da zagayayyen gindi, wanda ake ɗorawa a kan wutar gas mai ƙarfi. Aikin duka yana wajen shiri ne: an yanka komai ƙanana, daidai da juna, an jera a kwanoni tun kafin a kunna wuta. Idan aka yi odar soyayyiyar shinkafa, kuku zai bar kaskon ya yi zafi har ya fara hayaƙi, ya zuba mai kaɗan ya zagaya da shi, ya fasa ƙwai ya dagargaza, ya jefa tafarnuwa da ɗanyar citta, sannan shinkafar da aka dafa tun jiya ta kwana a firij. Ta kwana ake so, domin ta tsane, ba za ta caɓe ba. Yana watsa ta sama da hannu ɗaya, ludayi a ɗaya hannun, ya kwarara soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya, ta gefen kasko don ya ɗan ƙone kafin ya taɓa shinkafar, ya rufe da lawashin albasa. Duka-duka 'yan mintuna ne. Ƙamshin hayaƙin da ke kama abincin shi ne ma'aunin da masana girkin ke auna kuku da shi, kuma shi ne abin da ya fi wuyar samu a ƙaramin risho na gida.

Wannan ya bambanta da firai rais ɗin bukukuwanmu, wadda ake dafawa da ruwan nama da kori da tayim, a sa hanta da karas, ta fito ruwan ɗorawa. Ta Sin ba ta da kori, launinta fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa. Gidaje da yawa a nan sun tsaya a tsakiya, kuma babu mai ƙorafi.

Laushin naman da ke ba mutane mamaki ba sihiri ba ne. Ana yanka shi ne a gicciye, a cuɗa shi da sitacin masara da farin ƙwai, wasu su ƙara ɗan bekin soda, kafin a soya. Sitacin ne kuma ke sa miyar ta yi kauri da sheƙi. Miyar da ta fi karɓuwa ita ce mai zaƙi da tsami, ta sukari da binega da tumatir, sai ta barkono. Yaji kuwa an ƙara shi, domin girkin Guangdong na asali ba shi da zafi sosai, mutanen nan kuma idan ba su ji attaruhu ba sai su ce abincin salam yake. Wanda ya ci girkin Sichuan na gaske zai ji wani ɗanɗano da ke sa leɓe ya yi kamar ya mutu. Barkonon Sichuan ne, kuma dangin fasaƙwari ne da ake sa wa a yajin gargajiya.

Kayan haɗi

Abin da ake shigo da shi daga waje bai taka kara ya karya ba: soya sos, miyar kawa, man riɗi na kwalba, wasu nau'o'in taliya da jatan lande, waɗanda yawanci ta Legas, Kano ko Abuja suke biyowa. Saura na gida ne. Kabeji, karas, koren wake da koren tattasai suna gangarowa daga Jos, mai nisan kusan kilomita 130 daga Bauchi, zuwa kasuwanni irin su Muda Lawal. Citta ta kudancin Kaduna ce. Gombe tana da kifi da shinkafar noman rani na yankin Dadin Kowa. Riɗi kuwa ana noma shi a jihohin biyu, kuma Sin na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, don haka ba abin mamaki ba ne kuku ya sayi man kwalba da tsada alhali buhunan riɗi na jibge a kasuwar garinsa.

Akwai kuma abin da kowane ɗan makaranta a Bauchi da Gombe ya sani ba tare da ya danganta shi da Sin ba, wato awara. Ita ce tofu, madarar waken suya da aka tsinke ta da ruwan tsami aka matse, abincin da Sinawa suka daɗe da ƙarnuka suna ci. Ta bazu a Arewa ne bayan da cibiyoyin binciken noma irin su IITA ta Ibadan suka dage wajen yaɗa sarrafa waken suya daga shekarun 1980. Duk da haka ba kasafai take shiga menu na waɗannan gidaje ba, watakila don ana ganin ta a matsayin abincin bakin titi, kuma wannan asara ce ga kukun.

Batun halal

Wannan ita ce tambayar farko da mafi yawan masu ci ke zuwa da ita, kuma tana da dalili. Alade shi ne naman da aka fi ci a Sin, ƙasar da ke cinye kusan rabin naman aladen duniya; girkin asali yana amfani da kitsensa, da kuma giyar shinkafa ta Shaoxing wajen jiƙa nama. A Bauchi da Gombe, duk da akwai Kiristoci da yawa, mai neman kasuwar kowa da kowa ba ya kusantar waɗannan. Nama daga mahautar gari yake zuwa, kaza da saniya suka maye gurbin alade. Duk da haka ba laifi ba ne magidanci ya kira mai kawo abinci ya ce, "Samari, don Allah me da me ake zubawa a miyar nan?" Inda aka san aiki, amsar takan zo da kwalbar a hannu: "Ga ta, Alhaji, duba da kanka." Abin da ake dubawa shi ne tambarin halal, domin soya sos ɗin da aka tsima ta hanyar gargajiya yana ɗauke da ɓurɓushin barasa da tsimin ke haifarwa, akwai kuma nau'o'in da aka tantance. Jatan lande da kawa ba su da matsala a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a Arewa, wadda ta halatta halittun ruwa.

Sin ɗin kanta tana da tsohon girkin Musulmi. 'Yan ƙabilar Hui, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11, su ne suka shahara da taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a zuba a romon naman sa. Gidajen abincinsu ne mafakar fataken Arewa a Guangzhou.

Zama da biyan kuɗi

A al'adar Sin ba kowa da farantinsa ba: ana jera kwanoni a tsakiyar tebur kowa ya ɗiba, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi yana cin tuwo a akushi ɗaya da 'yan'uwansa. A nan dai an fi yin odar shinkafa ko taliya da miya ɗaya ga kowane mutum, duk da cewa haɗa kuɗi a sayi kala uku a raba ya fi sauƙi. Cokali da cokali mai yatsu su ne ka'ida. Tsinken cin abinci sai an nema, kuma matasa sun fi nemansa don hoto. Wanda zai ci da Sinawa ya kiyaye kafa tsinken a tsaye cikin shinkafa, domin yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci.

Masu zuwa sun haɗa da ma'aikata, baƙin taruka, masu hanyar Yankari, ɗaliban jami'o'i irin su ATBU da Jami'ar Jihar Gombe, da iyalai a ranakun Sallah. Da azumi ciniki yana komawa bayan Magariba, sifirin rol kuma ya riga ya zauna a farantin buɗa-baki tare da samosa. Ana biya da tsabar kuɗi, POS ko taransifa, kuma a manyan wurare akan ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wani lokaci da kuɗin hidima, a kan farashin da ke menu.

Lafiya

An daɗe ana zargin farin magi da sa ciwon kai bayan cin abincin Sin. Zargin ya samo asali ne daga wata wasiƙa da aka buga a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1968, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da illa ba a adadin da aka saba ci. Sinadarin ma wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ne ya fitar da shi a 1908, kuma irinsa yana cikin tumatir da daddawa. Abin lura na gaske shi ne gishiri. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da kusan miligiram 900 na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini. Mai hawan jini yana iya cewa a rage masa sos tun wajen oda, tunda kowane faranti daban ake soya shi. Mai ciwon sukari ya yi hattara da miya mai zaƙi da tsami, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, riɗi ko jatan lande kuma ya faɗa tun da wuri, domin kasko ɗaya ne ke soya komai.