Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Ran Ɗan Talaka

Jama'a, rai da ajali na Allah ne. Amma komai da sababinsa, kuma mu ma'aikatan lafiya na karkara muna ganin sababin da idonmu.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a gidajen da suka fi talauci a Najeriya, 173 ba sa kai shekara biyar. A gidajen masu hali, 53 ne. Cututtukan kuwa sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu. Mai hali in jikin ɗansa ya yi zafi, mota zai tayar sai asibitin kuɗi. Talaka sai ya jira ranar kasuwa ya sayar da akuya, kafin nan yaro ya galabaita.

Shi ya sa ran ɗan talaka ya rataya ga abin da ƙaramar hukuma ta kashe a mazaɓarsa. Ku duba mai naƙuda da jini ya ɓalle mata tsakar dare. Allurar tsayar da jinin tana son sanyi, firji kuma ba wuta, ungozoma tana duba ta da fitilar waya, hanyar babban asibiti ruwa ya cinye ta. Sola ɗaya da kwalbati ɗaya za su iya ceto ta. Haka rijiyar burtsatse da ke aiki take rage amai da gudawa a damina.

Kuɗin nan haƙƙinku ne. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye.

Don haka iyayenmu masu unguwanni, malamai, ƙungiyoyin mata, ku riƙa halartar zaman kwamitin raya mazaɓa. Ku tambayi kansila nawa aka ware wa asibitinku bana, nawa ya iso, me aka saya. Ku leƙa ɗakin magani, ku tambaya ko akwai ma'aikaciya mai kwana. In babu, ku rubuta wa ciyaman takarda da sa hannun mai unguwa, ku ajiye kwafi.