Keto ko rage sitaci kawai? Amsoshi ga masu fama da teɓa da masu gudun ciwon sukari a Kumasi

A zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, an fara samun gidajen da mutum ɗaya ya yi sallama da tuwo da shinkafa, ya koma kan ƙwai da nama da mai, yana cewa keto yake yi. Wasu don rage ƙiba suke yi, wasu kuma likita ne ya gaya musu sukarinsu ya fara hawa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan lamarin.

Ina bambancin keto da rage sitaci? Ba abu ɗaya ba ne?

Abu ɗaya suke ragewa, wato sitaci da sukari: tuwon zafi, banku, dokunu, fufu, shinkafa, doya, gari, burodi, koko, masa, da duk lemon kwalba. Inda suka rabu shi ne yawan abin da aka bari. Mai rage sitaci yana cin ƙasa da gram 130 a rana. Mai keto kuwa tsakanin gram 20 da 50 yake tsayawa. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan gram 45, ka ga ke nan ya cinye rabon yini guda. Cikakken dunƙulen dokunu ya zarce haka ma.

Idan sitaci ya yi ƙasa sosai na kwana biyu zuwa huɗu, sukarin da hanta ta ajiye yakan ƙare, sai ta shiga farfasa kitse tana fitar da wani sinadari mai suna keton, wanda ƙwaƙwalwa da tsoka ke ƙonawa a madadin sukari. Wannan yanayi shi mai keto yake nema, mai rage sitaci kuwa ba ya buƙatar kaiwa can. Asalin tsarin keto ma ba don ƙiba aka fito da shi ba. Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya gabatar da shi a 1921 domin masu farfaɗiya, kuma har yau ana ɗora yaran da magani ya kasa tsayar musu da ciwon a kansa, ƙarƙashin kulawar asibiti.

Likita ya ce jikina ba ya jin insulin. Me hakan ke nufi?

Insulin shi ne sinadarin da ke sa tsoka da kitse su kwashe sukari daga jini, ya kuma hana hanta zubo wani sabo. Idan kitse ya taru a cikin ciki da hanta, kuma mutum ba ya motsa jiki, gaɓoɓin sukan yi kunnen ƙashi, kamar yaron da sai uwa ta ɗaga murya kafin ya amsa kira. Jiki ya yi ta ƙara yawan insulin don aikin da kaɗan ke yi a da. Ana iya shekaru a haka gwajin sukari yana fitowa lafiya lau, har ranar da gaɓar da ke samar da insulin ɗin ta gaji.

Akwai alamun da ake gani tun kafin gwaji. Na farko teɓa: a sa tef ɗin tela a auna ƙugu wajen cibiya, in ya kai rabin tsayin mutum ko ya wuce, akwai magana. Na biyu wani baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata, wanda mata da yawa ke ɗauka dauɗa ce, su yi ta dirza da soso ko shafa man bilicin, alhali daga ciki yake. Hawan jini da rikicewar al'ada tare da fitowar gashi a haɓa ga mata su ma sukan zo tare da shi.

A ɗakin gwaji, sukarin safe kafin karin kumallo in ya kai 7.0 a ma'aunin mmol/L an shiga ciwon sukari, bayan an maimaita an tabbatar. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 kuwa ciwo. Amma mai sikila ko mai ɗauke da jinin S ko C, wanda ba baƙon abu ba ne a Gana, ya gaya wa likita, don wannan gwajin yana iya ba da lamba mara daidai a jikinsa.

Wanne ya fi saurin zubar da kitse?

A makon farko keto ne ke burge mutane, domin sikeli yana sauka da kilo ɗaya ko biyu ko fiye. Mafi yawansa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kuma kowane gram yana riƙe da ruwa kusan gram uku. Ajiyar ta tafi, ruwan ya bi ta fitsari. Ranar da aka ci tuwon suna, ya dawo.

Abin dubawa shi ne bayan shekara. A 2018 masu bincike na jami'ar Stanford, ƙarƙashin Christopher Gardner, sun fitar da sakamakon gwaji kan mutum 609. Rabi suka rage sitaci, rabi suka rage mai, duka aka hore su da barin sukari da farin fulawa da yawaita ganye. Bayan wata 12 masu rage sitaci sun zubar da kilo 6 a matsakaici, masu rage mai kilo 5.3, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a gwajin shi ne, masu rage sitacin da gram 20 suka fara, irin na keto, amma kafin shekara ta zagayo sun koma kusan gram 130. Mutanen da ke da malamai masu bibiyarsu ke nan, ba wanda ke zaune a gidan haya da tukunya ɗaya ba.

Keto yana da alheri guda da ba a musu: yana kashe yunwa ga mutane da yawa, kuma yana rufe ƙofar ciye-ciye, tunda kusan duk abin da ake talla a kasuwar Kejetia ya haramta gare shi. Da haka ne yake rage ƙiba, ta hanyar sa mutum ya ci ƙasa da abin da yake ƙonawa. Wanda ya yi ta antaya man shanu da man ja a kwano yana cewa ai keto ne, tumbinsa na nan daram.

To don gyara matsalar insulin fa, ba keto ne ya fi ba?

Duk wanda ya rage sitaci, sukarin jininsa bayan cin abinci zai sauka tun ranar farko, kuma gwargwadon ragewa gwargwadon sauka. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta faɗa a 2019 cewa rage sitaci shi ne tsarin da ya fi hujja wajen saukar da sukari. Sai dai saukar sukari don ba a ci sitaci ba daban, jiki ya dawo yana jin insulin daban. Na biyun yana zuwa ne idan kitsen hanta da na ciki ya narke.

Gwajin DiRECT da aka yi a Birtaniya ya nuna haka ƙarara. An ɗora masu ciwon sukari kan abinci mai kalori ɗari takwas da ɗoriya a rana na wasu watanni, kuma abincin ba keto ba ne, akwai sitaci a ciki sosai. Bayan shekara, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya koma ƙasa da mizanin ciwo ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Tun a 2002 wani babban gwaji a Amurka ya gano cewa masu gab da kamuwa, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Ga mai kilo 90, kilo shida da ɗan wani abu ke nan.

A 2022 su Gardner sun sake gwada keto kai tsaye da wani tsarin rage sitaci mai sassauci wanda ya bar wake da 'ya'yan itace da hatsi mai dusa. Sukari ya sauka kusan daidai a duka biyun. Keto ya ɗaga mugun kolestirol, kuma da aka bar mutanen su zaɓa, tsari mai sassaucin suka fi karkata gare shi. A ganina, ga mafi yawan mutanenmu wannan ya raba gardama.

Ni uwar gida ce, tukunya ɗaya nake ɗorawa. Yaya zan yi?

Hajiya, ba sai kin raba girki ba, kwanonki za ki sauya. Fara da abin sha, don nan ne sukari ke shiga ba a sani ba: lemon kwalba, malt, sobolo da burkina da aka cika wa sukari, shayi mai cokali uku da madarar gwangwani mai zaƙi. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da sukari gram 35, kusan ƙaramin cokali tara. Ba banza ba gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 kan kayan sha masu zaƙi a 2023.

Sannan karin safe. Koko da sukari da burodi sitaci ne kan sitaci. Ƙwai biyu da tumatir da albasa, ko ƙosai da ɗan koko marar sukari, ko tubani, sun fi riƙe ciki har azahar. Da dare ki raba malmalar tuwo gida biyu ki ci rabi, ki ninka miyar: ayoyo, kuɓewa, kuka, alefu, kontomire da agushi, miyar gyaɗa. Ki ƙara kifi, ko amane ne, ko wagashi, ko nama in da hali. Wajen mai waakye ki ce a bar taliya da gari, a sa ƙwai da kifi da ganye. Paya da gauta da gyaɗa su maye gurbin biskit da bofrot.

Wake shi ne inda nake rabuwa da masu tsananin keto. A tsarinsu ya yi sitaci da yawa, don dafaffen wake gram 100 yana da kusan gram 20. Amma yana shiga jini a hankali, yana ƙosarwa, yana gina jiki, kuma shi ne abin da aljihun talaka ke iya ɗauka kullum. Tsarin da zai raba mutumin zango da wake ya ce ya dogara da nama da kaza safe da yamma, ƙarshen wata zai rushe shi.

Bayan cin abinci kuma a taka ƙasa minti goma ko sha biyar. Tsoka mai aiki tana zuƙar sukari ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Tafiya masallaci sallar isha'i bayan tuwo ta shiga lissafi.

Akwai wanda keto zai cutar?

Akwai, kuma nan ba wajen gwaji ba ne. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin sukari irin su glibenclamide, gliclazide ko glimepiride, in ya yanke sitaci bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan dapagliflozin ko empagliflozin kuwa kada ya kusanci keto, domin keton na iya taruwa ya mai da jini tsami alhali na'urar gwaji tana nuna sukari daidai, kuma hakan yana kisa. Haka mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, mai ciki, mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko hanta. Masu shan maganin hawan jini ma jininsu kan sauka har jiri ya kama su. Duk waɗannan su fara da likitansu ko asibitin masu sukari na Komfo Anokye kafin su taɓa kwano, ko da ragewa mai sassauci za su yi.

Mai lafiya da ya nace sai keto, ya san makon farko akwai ciwon kai da kasala da ɗaurewar tsoka da taurin bayan gida. Ya sha ruwa, ya yawaita ganye, ya fifita kifi da gyaɗa da paya a kan kitsen nama, kuma ya auna kolestirol bayan wata uku. In ya hau sosai, ya sassauta.

Da azumi fa?

Azumi da kansa yana rage ajiyar hanta, matsalar tana wajen buɗe-baki. Dabino da koko da masa da sobolo da kankana da shinkafa a zama ɗaya, shi ya sa wasu ke fita Ramadan da ƙarin kilo. A buɗe da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, a yi magariba, sannan a ci miya da kifi da ɗan tuwo. Da sahur wake ko ƙwai sun fi burodi da shayi mai zaƙi jimirin rana. Fara keto a tsakiyar azumi, cikin zafi da ƙishirwa, haɗa wa jiki rashin ruwa biyu ne. Mai shan maganin sukari ya je asibiti tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan sha, kuma duk ranar da na'ura ta nuna ƙasa da 3.9, ko ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi, ya karya azumin nan take ya rama daga baya.