Ma'aunin dogaron tsofaffi ba ya ƙirga masu aiki

An daɗe ana ɗauka cewa idan rahoton fansho ya ce ma'aunin dogaron tsofaffi a Japan ya kai kusan 50, wato tsofaffi 50 ga kowane mutum 100 masu shekarun yin aiki, to ma'aikata biyu ne ke ɗauke da ɗan fansho ɗaya. Ba haka lissafin yake ba. Shekaru kawai ake dubawa: a raba yawan masu shekara 65 zuwa sama da yawan 'yan 15 zuwa 64, a ninka da 100. Ɗalibi da marar aikin yi duk an sa su cikin masu ɗaukar nauyi, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin Japan suna aiki. Don auna ƙarfin asusun fansho, yawan masu zuba kuɗi ake kwatantawa da yawan masu karɓa.