Ma'anar Ƙashin Ƙirji da Yadda Yake Ginuwa Tare da Haƙarƙari

A bakin likitoci, ƙashin ƙirji suna ne na ƙashi guda, wato faffaɗan ƙashin nan da ya miƙe a tsakiyar ƙirji daga gindin wuya zuwa saman ciki, wanda haƙarƙari suke zagayowa daga ƙashin baya su kama gefunansa biyu. Tsawonsa a jikin baligi yakan kai kimanin santimita 17, kuma na namiji ya ɗan fi na mace tsawo. Masana jikin ɗan Adam na farko sun ga kamanninsa da takobi, shi ya sa suka raba shi uku: mariƙi a sama, ruwan takobin a tsakiya, sai ɗan tsini a ƙasa, wanda Bahaushe yake kira ƙahon zuciya. Sunan da littattafan likitanci suke kiran wannan tsini da shi ma daga kalmar takobi ta harshen Girka aka samo shi.

Duk mai son ya fahimci wannan rabe-rabe yana iya tabbatar da shi a jikinsa. Ya sa yatsa a ɗan ramin da ke gindin maƙogwaro, nan ne saman mariƙin, sannan ya gangaro a hankali kamar santimita 5, zai ji wani ɗan tudu a kwance, wurin da mariƙi ya haɗu da sashen tsakiya. Idan ya bi tudun zuwa dama ko hagu, yatsansa zai sauka a kan haƙarƙari na biyu. Daga nan likitoci suke fara ƙidayar haƙarƙari, domin na farko ya ɓuya ƙarƙashin ƙashin da ya kwanta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ba ya taɓuwa da sauƙi. Daidai wannan tudu kuma, can ciki, bututun iska yake rabuwa biyu ya nufi huhun dama da na hagu.

Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, jimilla 24, a jikin namiji da na mace baki ɗaya, kuma masanin jikin ɗan Adam Andreas Vesalius ya bayyana haka tun 1543 bayan ya ƙidaya su da idonsa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ƙashinsa yake taɓa ƙashin ƙirji kai tsaye, kowanne da guringuntsi yake ƙarewa. Bakwai na sama guringuntsinsu ya isa ƙashin ƙirji, na 8 zuwa na 10 kowanne ya rataya nasa a jikin na samansa, na 11 da na 12 kuwa bakinsu a sake yake cikin tsoka.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan fanni shi ne daɗewar da ginin yake yi kafin ya kammala. A wajen mako na 6 da shigar ciki, ɗan tayi ba shi da ƙashin ƙirji, sai wasu siraran sanduna biyu masu laushi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da rata a tsakaninsu. Sandunan nan suna matsowa juna su fara haɗuwa daga sama zuwa ƙasa, zuwa kusan mako na 10 sun zama faranti ɗaya na guringuntsi. Haƙarƙari sun riga shi taurara, domin tun kusan ƙarshen wata na 2 ƙashi yake fara bayyana a jikinsu, kusa da inda suka lanƙwasa ta baya, ya riƙa cin guringuntsin yana yin gaba, sai dai ba ya kaiwa ƙarshe. Ɗan abin da ya rage a gaba shi ne guringuntsin haƙarƙari da mutum zai rayu da shi.

Shi kuwa ƙashin ƙirji sai wata na 5 zuwa na 6 ɗigon ƙashi na farko yake fitowa a mariƙinsa, sauran ɗigogin su biyo baya ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasa, na ƙarshensu a sashen tsakiya yakan jira har bayan haihuwa. Saboda haka ƙirjin yaro ƙarami ba ƙashi ɗaya ne a tsakiyarsa ba: sashen tsakiyar kaɗai gunduwa huɗu ne jere da juna, guringuntsi ya raba tsakaninsu. Wanda bai san haka ba, idan ya kalli hoton ƙirjin yaro daga gefe, yana iya ɗaukar waɗannan ratoci a matsayin karaya. Gunduwoyin suna fara narkewa cikin juna ne lokacin balaga, wannan karon daga ƙasa zuwa sama, aikin ya kammala a wajen shekara 25. Gaɓar da ke tsakanin mariƙi da sashen tsakiya ita kam a yawancin mutane ba ta rufewa, tana ɗan motsi duk lokacin da aka ja dogon numfashi.

Wannan motsi shi ne dalilin da ya sa aka bar guringuntsi a gaban ƙirji. Haƙarƙarin baligi a karkace suke, bakinsu na gaba ya fi na baya yin ƙasa, don haka idan tsokoki suka ɗaga su sai ƙashin ƙirji ya yi gaba ya yi sama, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga, guringuntsin da ya murɗe kuma ya taimaka wajen mayar da komai mazauninsa. Na jariri kusan a kwance suke, ga laushi, shi ya sa da ciki ake ganin numfashinsa. Laushin nan ne ke sa ƙasan ƙirjin yaro mai tsananin ciwon huhu ya riƙa lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, alamar da bai kamata iyaye su kwana suna kallonta ba tare da kai shi asibiti ba. Haka nan yaron da ya rasa isasshen bitamin D ko sinadarin kalsiyam, mahaɗar ƙashi da guringuntsi takan kumbura a kowane haƙarƙari, a ga ƙulli-ƙulli sun jeru a gefen ƙirjinsa kamar ƙwayoyin carbi.

Idan sandunan farko ba su gama haɗuwa sarai ba, akan sami ɗan rami da ya huda ƙasan ƙashin ƙirji, mai shi ya tsufa bai sani ba. Ramin ba ciwo ba ne, amma yana da muhimmanci ga likita, domin ƙashin ƙirji yana riƙe da jan ɓargo mai ƙera jini har tsufa, a wasu lokuta daga nan ake ɗebo ɓargon don gwaji, alhali zuciya tana bayansa kaɗan.

Ƙahon zuciya shi ne na ƙarshen kammala. Yakan daɗe yana guringuntsi, sai a wajen shekara 40 yake gama taurara ya manne da sashen tsakiya. A wannan shekarun mutane da dama, musamman wanda ya rame bayan ƙiba, sukan ci karo da wani ɗan ƙulli mai tauri a saman cikinsu, hankalinsu ya tashi su ɗauka ƙari ne. Dacewa ne a je a duba, amma sau da yawa abin da likita yake tararwa shi ne wannan tsini da yake wurin tun kafin a haife su. Saboda saurin karyewarsa ne kuma ake koya wa masu danna ƙirji don farfaɗo da baligin da zuciyarsa ta tsaya su ɗora tafin hannu a rabin ƙashin ƙirji na ƙasa, sama da tsinin, su danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya.